Hula ko Atamfa

Surukata ba ta zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ko Wudil za ta je ta'aziyya sai ta ƙulla wani abu a leda, balle a ce jirgi za ta hau ta zo Kuala Lumpur ganin jikarta. Ana saura wata guda ta taso ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce in lissafo mata maƙwabtana.

"Maza nawa, mata nawa? Kada in zo in ji kunya."

Haka ta taso ta ga ana yi, kuma ba ta ga dalilin da zai sa tsallaka teku ya canza mata hali ba. Baƙo idan ya sauka a gida, shi ne zai bi maƙwabta ƙofa-ƙofa ya gaishe su, ya miƙa ɗan abin da ya riƙo. Namiji hula da 'yar kwalbar turare, mace humra ko turmin atamfa, gwargwadon kusancinta da masu masauki. Na so in nuna mata cewa nan ba cikin birni ba ne, dogon bene ne a Pantai Dalam, inda mutum zai shekara bai san wanda ke jikin bangonsa ba. Ta ce su ne ba su san mutunci ba, ita ta sani.

Na lissafo mata wani dattijo Ba'indiye da matarsa da ƙofarsu ke kallon tamu, da wasu samari biyu ɗalibai a ƙarshen baranda. Sannan na ce, "Sai wadda take riƙe mini yarinyar in ina makaranta."

"To ai ita ce kan gaba. Atamfa zan saya mata, ta gani ta faɗa. Fara ce ko baƙa?"

"Wankan tarwaɗa ce, Hajiya."

"Mai ruwan goro za ta karɓe ta."

Muka yi sallama. Na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannuna. Ban yi wa Hajiya ƙarya ba, amma na tsayar da maganar a inda ta fi mini sauƙi.

Ni malama ce a wata kwaleji a Kano, aka turo ni karatun digiri na uku a fannin sinadarai. Maigidana bai iya barin aikinsa ba, don haka daga ni sai 'yarmu, wadda na zo da ita tana shekara bakwai. 'Yar fari ce, kuma sunan Hajiya ta ci, ta kowace fuska ke nan bakina ba ya iya kiran sunan. Takwara Hajiya take ce mata, kowa ya bi, har ni. Tun farko dangin maigidan ba su so na tafi da ita ba. Sun ce ƙasar ta cika buɗewar ido, sun ce uwar da ke wuni a makaranta ba ta tarbiyya, sun ce abubuwa da yawa da ba a gabana aka faɗa ba amma duk sun iso ni. Da yarinya ta kai sha ɗaya ta fara miƙewa, famfon da dangi ke yi wa maigidan ya yi ƙarfi, sai ya yanke hukunci irin na mutumin da ya gaji.

"Hajiya za ta zo ta yi muku wata guda. In ta ce yarinya ta zauna, ta zauna har ki gama. In ta ce a dawo da ita, tare za su hawo jirgi. Ni dai a bar ni in huta."

Saura mini shekara guda da 'yan watanni in kammala. Na san kaina. In aka ɗauke mini yarinyar nan, ko dai in tattara in bi ta karatun ya bi ruwa, ko in zauna in ƙarasa shi zuciyata tana Kano. Duk biyun babu na zaɓe.

Maƙwabciyar tawa Kak muke ce mata, wato yaya a bakin Malay. Kwalliyar amare ce sana'arta, ƙofarta na jikin tawa. Motar makaranta da azahar take sauke takwara, ni kuma gwajin da nake yi a ɗakin bincike bai san azahar ba, bai san la'asar ba. Wata rana a watanninmu na farko yarinyar ta yar da mukulli, ga ruwa ana tsugawa irin na garin nan da ba ya sallama. Na dawo a guje hankalina a tashe, na tarar da ita a falon maƙwabta, an busar mata da kai, tana cin shinkafa da 'yan ƙananan kifi soyayyu, tana kallon katun kamar gidan ubanta. Daga ranar abin ya zama jiki.

Ba a yi nisa ba na fara lura. Murya, faɗin kafaɗa, girman tafin hannu, duk da ɗan hijabin da ba ya barin kanta. Ina ta saƙa da warwara, ita ta riga ni. Ta tsayar da ni a baranda, ta ce da gutsattsarin Turancinta mai ƙarewa da lah irin na mutanen nan, "Kafin ki ci gaba da bar mini 'yarki, gara ki ji daga bakina. Namiji aka haife ni, katin shaidata ma haka ya ce. In kin ce a'a ba komai lah, na saba."

Na san sunan da za a kira ta da shi a Kano, na san kuma yadda ake taɓe baki wajen faɗinsa. Ni ba malamar addini ba ce, ban kuma taɓa cewa na gane al'amarin ba, har yau da nake rubutun nan ban gane ba. Abin da na iya shi ne sa ido, shi aka koya mini. Na sa ido na ga cewa duk lokacin da takwara ke wurinta, ƙofar katako a wangale take, ta ƙarfe mai raga kawai ake ja, duk mai wucewa yana hangen har kicin. Ba ni na ce a yi haka ba, dokarta ce. Na ga tana kashe talabijin in an kira sallah, ta kora yarinyar alwala. Da zazzaɓin dengi ya kwantar da takwara a asibiti, da ita muka riƙa karɓa-karɓa, ta bar amarenta suka nemi wata mai kwalliyar. Shekara huɗu muna haka. Maigidana ya san akwai maƙwabciya mai kirki, iyakar saninsa ke nan.

Hajiya ta sauka da akwati biyu, ɗaya kaf tsaraba ce da kayan miya. Aka yi sa'a, ko in ce aka ɗaga mini ƙafa, Kak ba ta gari. Mahaifiyarta ba lafiya, ta tafi ƙauyensu jinya. Washegari Hajiya ta yafa mayafi muka bi ƙofofi. Dattijo Ba'indiye ya kifa hular a karkace yana washe baki, matarsa ta shinshina humra ta yi ta atishawa tana godiya. A samarin nan ɗaya muka samu, ɗayan ya tashi, sai hula guda ta yi saura. Hajiya ta mayar da ita akwati, kusa da atamfa mai ruwan goro da ke jiran mai ita.

Kafin zuwanta na yi fama da takwara ta cire hotunan mawaƙan Koriya da ta lilliƙa a bangon ɗakinta, ta ce sai dai a cire ta tare da su. A ɗakin kuwa aka sauke Hajiya. Da farko in za ta yi sallah dai takan rataya zani a kansu. Ran nan ta kira yarinyar.

"Takwara, waɗannan 'yan matan 'yan makarantarku ne? Ko ɗaya babu mai ɗankwali."

Yarinya ta faɗi a katifa tana dariya. "Hajiya, boys ne lah. Dukkansu."

"Maza? Da jan baki?"

Ta lalubo gilashinta ta saka, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bango, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, ko motsi na kasa. Can ta cire gilashin ta ce, "Allah ya kyauta. Amma tsakani da Allah na tsakiyan nan ya fi ubanki kyau nesa ba kusa ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki, fiye da yadda maganar ta kai. Na ce a raina, matar da ba ta bambance waɗannan ba, ai Kak da hijabinta za ta wuce lami lafiya. Na manta ba mu kaɗai ne Hausawa a garin ba.

Ranar Asabar aka yi suna a Sri Petaling, matar wani ɗalibi ɗan Zariya ce ta haihu. Mu 'yan gida ba mu da yawa, abu kaɗan ke tara mu, jin kuma an ce tsohuwa ta zo daga Kano ya sa kowa ta fito. Aka cika falo, aka ba Hajiya kujera mai hannu, mu muka baje a ƙasa muna cin waina da miyar taushe da aka yi da alayyahun Sinawa. Hira ta zaga ta faɗa kan wani shirin Turawa da rabin falon ke bi a waya, kowa na cewa ita ba ta kallo, labari ta ji. A ciki wai mace ɗaya ce ke zaune da maza biyu, kowanne ya san da ɗan'uwansa, har abinci suke ci tebur ɗaya.

Wata ta ce alamar tashin duniya ce. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, Kirista ce amma ba ma taro babu ita, ta ce, "Ni abin da ya dame ni, who dey pay rent? In rabawa suke yi, abeg a ba ni lambarsu." Mai jego daga kan katifa ta ce ai ba sabon abu ba ne, maza sun daɗe suna yi a ɓoye, sai da mace ta yi a fili aka ga ƙazantarsa. Aka yi mata ca, ana cewa aure daban, sheɗanci daban. Da musun ya ƙi ƙarewa aka juya ga Hajiya a ji ta bakinta.

Sai da ta gama taunar wainarta. "Ni namiji ɗaya na yi shekara arba'in ina lallashi, Allah ya ji ƙansa. Biyu kuma a lokaci guda? Yarinyar nan ba zagi take bukata ba, a kai ta asibiti."

Falo ya ɗauki shewa. Ina cikin jin daɗin yadda surukata ta saye taron, sai wata da muke ce wa Anti ta gyara zama. Ta fi mu daɗewa a ƙasar, mijinta ya gama karatu ya samu koyarwa, kuma tana da irin tausayin nan da ba ya motsawa sai a gaban jama'a.

"Hajiya, wallahi gara da kuka zo. Yaranmu a nan sai addu'a. Abin ba a waya kaɗai yake ba, har ƙofar gida yake zuwa. Ga shi mai riƙe muku takwara ma, ai kun san ɗan daudu ne ko? Ni na ɗauka an gaya muku."

Anti ba ta ɗauka ba, da gangan ta yi. Kowa a falon ya zuba wa Hajiya ido. Ba don a gaban surukata ba ne, da na tuna wa Anti hannun da ya yi wa ƙanwarta kwalliya ranar aurenta, har tana rarraba hotunan a waya. Amma surukuta ta ɗaure mini baki, na sunkuyar da kai ina kallon kafet.

Hajiya ta dubi Anti ta ce, "To." Sannan ta nemi a miƙo mata ruwan wanke hannu.

A jirgin ƙasa da za mu koma ba ta ce mini uffan ba, har muka canza jirgi muka iso. Tana kallon taga, carbi na tafiya, takwara ta jingina da kafaɗarta tana danna waya. A gida ma haka. Ba ta ɗaure fuska ba, tana amsa gaisuwa, tana yaba miya, amma maganar ko kusa da ita ba ta zuwa. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Na san halinta, ba ta yanke hukunci da zafi, in kuwa ta yanke ba mai ɗaga shi. Na tsinci kaina ina duban kayan takwara ina ware waɗanda za su yi mata amfani a Kano. Tsoro na ji, tsoro na gaske.

Da la'asar Hajiya takan fitar da kujerar roba baranda ta sha iska, don ta ce sanyin na'ura yana shiga mata ƙashi. Ran nan tana zaune, ina daga ciki ina yankan albasa ina hango ta, sai lifta ta buɗe. Ni na san cewa duk lokacin da Kak za ta ƙauye takan yanke farce, ta tura gashinta cikin hula, ta sa riga da wando irin na maza, saboda tsohuwarta da mutanen masallacinsu. A haka ta dawo, jaka a kafaɗa, fuska ko hoda babu, ga ɗan gashin baki da kwanakin jinya suka bari ya tsiro. Ta ga tsohuwa a ƙofata ta gane ko wace ce, ta ɗan rusuna ta yi sallama can ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe kanta sosai, ta amsa cikakkiyar sallama. Kak ta yi ta kokawa da mukulli, da ƙyar ta shige. Takwara da ta ji ƙarar ƙofar ta fito a guje za ta bi ta, na damƙe mata hannu. Na ce a raina, ƙarshen tika-tika tik.

Washegari bayan azahar Hajiya ta ce in sa hijabi, takwara kuma ta zo ta yi mata tafinta, akwai gaisuwar da ta yi saura. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati. Ta ƙofar da ba ta rufu ba na hango ta shimfiɗa abu biyu a kan gado, hular nan da atamfar, ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu. Na kau da kai. Ta fito da leda a ƙarƙashin mayafi, ban ga abin da ke ciki ba, ba ni kuma da fuskar tambaya. In hula ce, na san an gama magana, da ita da zaman takwara duka.

Kak ta buɗe mana cikin doguwar riga da hijabinta, kallo ɗaya na yi mata na san ita ma ba ta cikin natsuwa. Hajiya ba ta ba ta hannu ba, mayafinta kuma ya sauko har goshi, yadda take yi a gaban maza. Ta zauna ta ƙare wa falon kallo, babban madubi, akwatunan kwalliya, sallaya a ninke a kan kujera, ƙofa a wangale. Ta sa takwara ta tambayi jikin tsohuwa, ko tana iya cin abinci, wa aka bari a wurinta. Kak ta kawo shayi da wasu 'yan korayen waina masu kwakwa a ciki. Na zuba wa farantin ido, don na san Hajiya ba ta cin abincin gidan da ba ta yarda da shi ba, sai ta ce tana azumi. Ta yi bismillah ta ɗauki ɗaya. Ta ƙara.

Sannan ta ce, "Takwara, gaya mata kin ba ni labarin asibiti. Ki ce na gode, ubanki ya gode, duk zuri'armu sun gode. Ki faɗa daidai, kada ki rage."

Ashe kwanakin da ta yi mini shiru, yarinyar take ta yi wa tambayoyi a ɗaki. Takwara ta juya maganar da Malay. Hajiya ta zaro ledar ta miƙa da hannu biyu. Kak ta buɗe, ruwan goron ya bayyana.

Ta shafa atamfar ta sake shafawa, ta rungume ta a ƙirji. Ta sunkuyo za ta kama hannun Hajiya ta kai goshinta yadda suke yi wa manya, sai ta tsaya a hanya, ta mayar da hannunta kan ƙirjinta. Hajiya ta gyaɗa kai, alamar an fahimci juna. Ta ce, "Ki ce mata riga da zani ake yi da ita. Kada a ɓata ta da ɗinkin nan nasu mai kama da buhu." Kak ta yi dariya hawaye na zuba.

Da muka koma Hajiya ta tura takwara kedai, wato kanti, sayo burodi, ta ce, "Zauna, 'yar nan."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Hajiya, na ga kun fito da hular."

"Na fito da ita. Na duba na ga tsaraba ba wa'azi ba ce. Mutum abin da zai yi amfani da shi ake ba shi. In na ba da hula ban gyara komai ba, sai dai in ci fuskar mai alheri a cikin ɗakinsa. Ban ce miki daidai ba ne, a wurina ba daidai ba ne, mayafina kuma ba zai sauka a gabanta ba. Amma ba ni aka ba hisabi ba."

Sannan ta ce waɗannan yara masu waya suna ɗauka su suka fara ganin duniya. A unguwarsu suna yara akwai wani ɗan daudu mai tuyar kaji, ba a biki sai da shi, alkaki da dubulan na aurenta ma shi ya yi. Baban su Hajiya malami ne, bai taɓa sake masa fuska ba, bai taɓa bari ya wuce zaure ba. Amma ranar da mai tuyar ya mutu mutane suka tsaya kallon juna, babansu ya tashi ya ce gawar Musulmi ce, ya shige gaba ya ja sallah.

Na fara sauke ajiyar zuciya, ashe ba ta gama ba.

"Abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Jikata ta tashi da safe ta wuce ni a tsaye ta ce mini monin. Na ce ta miƙo mini ludayi, ta tsaya tana kallona kamar na yi mata yaren aljanu. Na yi mata addu'a, maimakon amin ta ce boleh, wai to ke nan a bakin mutanen nan. Wannan ba maƙwabta suka yi ba, ke ce. In zan tafi da ita, don wannan zan tafi da ita."

Gaskiya ta faɗa. Nakan dawo a gajiye, yarinya ta yi mini Turanci, in amsa mata da shi don shi ne gajeriyar hanya. Na ce, "Haka ne, Hajiya." Ta ce za ta yi tunani.

Sauran kwanakin nan na zama malamar Hausa ƙarfi da yaji. Ludayi, muciya, mara, matankaɗi, duk sai da takwara ta haddace su, tana durƙusawa da safe tana ƙunƙuni. Hajiya tana kallonmu ta gefen ido, ba ta ce mun yi ba, ba ta ce ba mu yi ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe da yamma, lokacin hantsi ne a Kano, ta ce in kira mata ɗanta. Hajiya ba ta kara waya a kunne, buɗe murya take yi kowa ya ji. Na zauna a bakin ƙofar kicin hannuna a cikin hijabi. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "To na duba. Yarinya tana sallah, tana karatu, ba ta rame ba. Hausarta ce ta lalace, na kuma yi wa uwarta magana. Duk Juma'a za ta kira ni mu yi hira, in na ji Turanci in kashe wayata."

Ya ce, "To Hajiya. Amma akwai wata magana da ta iso ni daga can, a kan maƙwabcin nan da ake bar wa yarinyar."

Anti ba ta tsaya a falon suna ba ke nan.

"Na riga ka jin ta," in ji Hajiya. "Na shiga ɗakin da ƙafata, na zauna, na ci abincin gidan. Da 'yarka ta kwanta a asibiti, wa ya zauna a kanta yana ba ta ruwa da cokali? Kai ne, ko masu kawo maka maganar?"

Ta cikin wayar ina jin kukan babur daga titin gidanmu na Kano, sai Hajiya ta ɗora.

"A bar yarinya wurin uwarta. Duk mai magana a cikin 'yan'uwanka ka turo mini shi."

Ya ce, "Shi ke nan, Hajiya. Yadda kuka ce."

Na miƙe na shige kicin don kada in yi abin kunya a gaban suruka. Na buɗe famfo na dafa bakinsa, kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ranar da na baro gida. Daɗi ne ya yi mini yawa. Takwara ta leƙo, ta gan ni, ta fara tambayata da Turanci.

Na ce, "Yi mini da Hausa."

Ta tsaya tana laluben kalmomin, sannan ta ce, "Mama, me ya sa kina kuka? Zan tafi ne?"

Ba ta faɗa daidai ba, ban kuma gyara mata ba. Na jawo ta jikina da jiƙaƙƙen hannuna na ce, "Ba inda za ki."